Jarka Ɗaya

A Herwagana da jarka muke sayen ruwa,
mai kura ya tsaya a ƙofa ya ce nawa za a sauke.
Haka ake sauke mini hankali yanzu:
jarka ɗaya da asuba,
babu gyara, babu bashi.

Da can ni ke riƙe da littafin Jungudo a Tudun Hatsi.
Buhun wake ɗari uku da sittin,
ladan 'yan dako, la'adar dillali, kuɗin mota zuwa kudu,
kafin direba ya gama kurɓar shayinsa na faɗi jimla,
biro na bayan kunne, ban ko taɓa shi ba.
Madatsar Dadin Kowa ce a kaina lokacin,
ban san ana auna tunani da moɗa ba.

Sai wata Talata bakina ya karkace a tsakiyar lissafi.

Wata bakwai, hannu ya dawo.
Ƙafa ta dawo, tana ɗan jan takalmi.
Harshe ya miƙe, aka raba sadakar masa,
aka ce Malam Barkindo ya warke sarai.
Ban musa ba. Me zan nuna musu?
Abin ba ya kumbura,
ba ya jini, ba a naɗa masa bandeji.

Ga yadda ruwan ke tafiya.
Gaisuwar ƙofar masallaci, mutum biyar, moɗa uku.
Ina gajiya? in ji su.
Ba gajiya, in ji ni,
don haka aka koya mana amsawa,
ƙaryar da ta fi kowace ladabi.
Rediyo, da kukan jariri, da injin markaɗen maƙwabta,
in sun haɗu lokaci guda, jarkar ta huje.
Dija ta ce, tuwo ko shinkafa?
Na tsaya ina kallon ta
kamar ta miƙo mini gādo in raba.

Da azahar sunan buta ya ɓace mini.
Na san ta, na san wuyanta,
na san inda aka liƙe ta da wuta,
amma sai na ce, miƙo mini abin nan, na alwala.

Wannan ba gajiyar ɗan dako ba ce,
da zai sauke buhu, ya sha fura,
ya miƙe a inuwar tirela ya tashi sabo.
Barci ba ya biyan wannan bashin.
Ina farkawa kamar wanda ya kwana
yana ƙirga gero tsaba-tsaba.

Jiya Jungudo ya zo da littafin a hammata.
Zama ne kawai, in ji shi, ba ɗaukar kaya ba.
Na buɗe. Lambobi suka watse
kamar kiyashin da aka ɗage wa dutse.
Layi huɗu na tattaro daidai.
Na biyar ya cinye mini la'asar, ya haɗa da magariba.
Ya tafi yana cewa son jiki ya kama ni.
Ban bi shi da magana ba,
maganar ma ruwa ce.

Dija ce kaɗai ta koyi karanta gindin jarkar.
Tana ganin idona ya tsaya a bango
sai ta kashe rediyo, ta saki labule,
ta ce wa mai sallama: yana ciki, amma ba ya nan.

Moɗa guda nake ɓoyewa tun safe,
ba na taɓa ta ko maƙogwaro ya bushe,
don jikata Nenne tana zuwa bayan isha
da littafin makaranta mai lanƙwasasshen kunne.
Kaka, bakwai sau takwas?
Na rufe ido. Na sauka can ƙasa, inda laka take.
Hamsin da shida.
Ta rubuta, ta ruga, ba ta san nisan rijiyar ba.

Na juya fuskata bango.
A waje wani mai kura yana komawa gida,
jarkokinsa wofi suna gware da juna.